Ranar da Na Kai Fata Asibiti

Akwai wata Talata da ko tsufa ya ruɗa ni ba zan manta da ita ba. Lokacin an riga an sa ranar aurena da Hauwa. Mahaifinta, Malam Idi, wanda nake kira Baba, lodi yake yi a wani sito a Sharada. Buhu ya suɓuce daga saman mota, ya kai hannu zai tare, jijiyar kafaɗarsa ta dama ta yage. Hannu ya ƙi ɗaguwa, ko hula sai an sa masa. A wurin aiki kuwa har an fara maganar neman wani a madadinsa.

Ni na raka shi asibiti (ba wanda ya roƙe ni, neman suna ne kawai). Likitar ƙashi, wata mata mai natsuwa, ta ce yagewar babba ce, ɗinki kaɗai yakan sake ɓallewa. Amma akwai wani faci da ake sarrafawa daga jikin saniya, a shimfiɗa shi a kan ɗinkin, ƙwayoyin jikin mutum su hau kansa su saƙa sabuwar jijiya, shi kuma ya narke a hankali. Sai dai daga waje ake kawo shi, dole a jira.

Duk bayanin nan kalma biyu na riƙe: saniya da faci. Ni kuwa a kamfanin jima nake aiki a Challawa, fatar saniya nake wuni ina juyawa. Na ce a raina, a kan me Baba zai zauna jiran Turawa?

Ranar komawa asibiti, wato Talatar nan, na zaɓi fata mafi laushi, na sa aka fere ta siririya, na yanka daidai tafin hannu, na naɗe a leda (har turare na fesa mata). Baba dama a tsorace yake da tiyata. Tun a adaidaita sahu yake salati, ni kuma ina dafe da aljihu ina jin kaina wani babba.

Muna zaune, ga Baba, ga yayan Hauwa, ga ɗalibai masu koyon likitanci a tsaye, likita ta ce facin bai iso ba tukuna. Na gyara murya.

"Likita, ai an huta da jira. Ga shi na kawo."

Na warware leda a kan teburinta. Warin jima ya gauraya da turare ya cika ofis. Wata ɗaliba ta toshe baki ta fita da sauri.

Baba ya dubi fatar, ya dube ni, ya miƙe.

"Wannan za a ɗinka mini a jiki? Ni takalmi ne? Wallahi na fasa. Gara in mutu da hannuna a haka."

Ya nufi ƙofa. Nan take na ga hannun bawan Allah, da aikinsa, da aurena, duk suna shirin fita tare. Yayan Hauwa ya watso mini wani kallo da har yau nake jin zafinsa.

Likita ce ta tare shi. "Baba, ku zauna, don Allah. Ba wannan ba ne." Ta nuna masa hoton na gaskiya a waya, fari, siriri kamar takarda, an tace shi a ɗakin gwaji har ba abin da ya rage sai zaren da jiki zai karɓa. Ta daɗe tana lallashi kafin ya koma kujera. Sannan ta turo mini fatata da bakin biro.

"Malam, wannan a yi jaka da ita."

Na tattara kayana, gumi har cikin takalmi.

Facin ya iso, aka yi aiki, bayan watanni na gashi da motsa hannu Baba ya koma sito. Aure ma an ɗaura, duk da a wurin ɗaurin ya gabatar da ni ga abokansa da "likitanmu na Challawa".

Yanzu in masana na bayani, sai sun kai aya nake motsi. In kuma zan duba suruki a asibiti, lemo da ayaba sun wadatar.