Kwalabar Zinatu

Jama'a, duk ranar da kuka ji manya sun ce za su tauna taura biyu lokaci guda don a rage ɓarna, to ku fara salati.

Makon jiya masu girma Sarakunan Taron Bita suka turo motoci masu sanyi makarantar yaranmu a nan Azare. Aiki biyu a tafiya ɗaya: a tsaga yatsa a duba tundurmi, a ba yaro kwalaba ya kawo bayan gidansa a duba tsutsar ciki. In sakamako ya fito fes, an ce za a daina rabon maganin kyauta. Madalla da wannan basira. Abu ɗaya suka manta: makarantar ba ta da masai, sai bayan katanga.

'Yar farina, wadda bakina bai taɓa kiran sunanta ba, ta daɗe tana murɗar ciki, ta rame kamar sillen kara. Da ta dawo, uwarta ta matsa mata, sai ta ce ita kunya ta hana ta. Ƙawarta Zinatu ce ta cika mata kwalabar. Ashe ba ita kaɗai ba, kusan rabin ajin Zinatu ta yi wa wannan alheri.

Na ja maƙwabcina Bappayo muka garzaya makarantar. Ma'aikaciyar lafiyar, Malama Roseline, ta tambayi sunan yarinyar. Na ce, ai ita ce babbar. Ta sake tambaya. Na ce mai sunan gwaggona.

Ta ce, "Baba, ni ban san gwaggonka ba."

Bappayo ya ce, "Malama, kin tambayi sunan 'yar fari, kin kuma haɗa da kashinta. Ko a kotu ba a yi wa mutum haka."

Kafin ya gama dariya ya faɗi sunan, motar kwalabe ta kama hanya. Malama ta ce za ta sanar da na sama. Na sama kuwa suna otal, suna bitar nasarar aikin.

Yanzu maganin 'yata yana cikin hanjin 'yar wani. Jiya na ga Zinatu tana wucewa, kumatu ɓul-ɓul, babu alamar tsutsa a tare da ita. Allah Ya yafe mini addu'ar da na yi mata.

Ita kuwa 'yata, ko tana da tsutsa, ko ba ta da ita, har yau babu wanda ya sani.