Yadda Ake Gyara Lambun Mai Gidan Haya Ba Tare da Tambayar Kowa Ba

Kai da aka kwaso daga Yola saboda an ba mu sabuwar jiha, ka sha yawo kafin ka samu ɗaki a Jalingo, matso kusa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ko ƙwaro ɗaya ba zai saura a lambun mai gidanka ba. Barnabas ya gwada, akawu ne mai hayar ɗaki ɗaya a unguwar Sintali, gidan Dada Bara'atu.

1. Karɓi amana da ƙirji

Idan tsohuwa za ta Sunkani wankan jegon 'yarta, ta ce ka riƙa zuba wa lambu ruwa kawai, kada ka yarda da wannan raini. Ruwa ai aikin gajimare ne. Barnabas cewa ya yi, "Dada, je ki abinki, kafin ki dawo ba za ki gane wurin nan ba." Mutum ne mai cika alkawari.

2. Haɗa ruwan dogonyaro

Daka ganyen dogonyaro da barkono, ka jiƙa. Masu tsoro suna sa ɗan sabulu kaɗan, su yayyafa da yamma. Kai juye omo har ya yi kumfa, ka fesa da tsakar rana, kana fuskantar iska. In idonka ya yi ja kana hawaye, magani ya yi kyau ke nan. Tumatir zai ƙone, to sai me? Tsutsa ma ta rasa abinci.

3. Toka

Toka na korar ƙwari. Kada ka tsaya jiran ta huce, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Kwaso ta daga murhu da garwashinta ka barbaɗa wa alayyafo.

4. Askin mangwaro

Nan gwaninta take. A tsakar gidan akwai ɗan mangwaro mai aure, wato reshen iri mai zaƙi da aka ɗaura a kan kututturen na gida. Marigayi Malam Abbo, mijin Dada, shi ya ɗaura da hannunsa, bana ne kuma ya fara fure. Barnabas ya duƙa ya ga ƙulli a jikin icen, ya girgiza kai, ya ce ciwo ne. A ƙasan ƙullin ga wasu rassa sun tofo shar da su. Ka'ida ita ce: bar mai ƙarfi, sare mai ciwo. Ya aro adda, sara biyu, kan bishiya da furenta suka kwanta ƙasa. Kai ma yi haka, ka share wurin tas, ka jira yabo.

5. Tarbar mai gida

Sa rigar ofis ka tsaya kusa da aikinka. Dada ta shigo da ƙunshinta a ka, ta tsaya cak.

"Ɗana, ina mangwaron Malam?"

"Aski na yi masa, Dada. Zai tofo."

"Zai tofo," in ji ta, "amma ba na Malam ba. Nasa na sama ne."

Wallahi da ta yi ihu da ya fi sauƙi. Ta nufi bola, ta tono busasshen reshen, ta kakkaɓe shi da gefen zaninta, ta shige ɗaki da shi. Barnabas yana nan tsaye, gumi har cikin takalmi. Da la'asar ta leƙo ta ce masa useko, na gode ke nan da Fillanci, sannan ta ce ƙaninta zai zo ƙarshen wata, tana bukatar ɗakin.

Gargaɗi

Ƙwaro na ce zai ƙare, kuma ya ƙare. Ban ce komai a kan wurin kwana ba. Wanda aka fitar wa da katifa kada ya nufo ƙofata. Ya nemi Barnabas a ofis bayan an tashi, ya san teburan da suka fi daɗin haɗawa a kwana a kai.