Shirun da Ya Zama Addu'a

Na dawo Kafanchan daga bitar malamai kaina a kumbure. An koya mana yadda ƙwaƙwalwar yaro take aiki: in ka yi tambaya, ka yi shiru, ka ba ta lokaci ta lalubo amsa. Na ishi kowa da wannan bayani, har shugabar makarantarmu, Madam Ladi, ta ce za ta shigo ajina ta gani, tunda tana neman mataimaki.

A lokacin, damina ta yi jinkiri, manoman citta duk sun damu. Ranar da ta shigo, na tsaya gaban 'yan aji biyar na ce, "Me ke kawo ruwan sama?" Don kada idona ya tsorata su, sai na rufe shi, na haɗa hannuwa, ina ƙirge a hankali, leɓena yana motsi. Aji ya yi tsit. Na ce a raina, ga ƙwaƙwalwa tana aiki!

Can sai na ji muryar Bitrus, ɗan pasto: "Cikin sunan Yesu!"

Aji duka ya amsa, "Amin!"

Na buɗe ido, kowa kansa a sunkuye, har Madam Ladi, ta ɗora hankici a ka.

Abin da ya ƙarasa ni, da yamma aka sheƙa ruwa.

Muƙamin dai wani aka ba. Har yau da hadari ya taso, malamai sai su leƙo ajina su ce, "Rabaran, a yi haƙuri a buɗe ido, mun yi shanya."