Rasuwar Batirin Jirgin Mai Hanci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, masuncin nan da aka fi sani da Mai Hanci yana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar batirin jirginsa. Marigayin ya cika ne a tsakiyar ruwa bayan doguwar jinya, ya bar maigidansa zaune yana zare ido.

Baƙi ne, gajere, mai nauyin tsiya, babu wanda ya taɓa ɗaukarsa bai dafe ƙugu ba. Ya yi rayuwarsa ƙarƙashin katakon zama na bayan jirgi, cikin ƙarnin kifi da feshin ruwa, kuma ba a taɓa jin ƙorafinsa ba. Iyakar maganarsa "tas!" idan an haɗa masa waya a baibai, sai "ɓul-ɓul" idan yana shan caji a shago. Kyauta kuwa har ta so ta yi masa yawa. Babu wayar hannu a bakin ruwan nan da ba ta sha daga jikinsa ba, har da ta masu zagin maigidansa.

Ya rasu ya bar fitila ɗaya, da famfon kwashe ruwa, da rediyon da tun yana raye ba ya kama tasha sai an mare shi. Ya kuma bar wata 'yar na'ura mai nuna inda kifi yake, wadda ke lulluɓe da tsohon buhu kusa da ƙafar mai jirgi. Mai Hanci ya roƙi iyali kada a ambace ta a wannan sanarwa. Iyali sun duba, sun ga bai kamata a hana marainiya haƙƙinta ba.

Jama'a dai sun san yadda ya samu sunansa. Sai ya tsai da jirgi, ya sunkuya kan ruwa, ya ja hanci da ƙarfi, ya ɗago ya nuna wuri da yatsa, a zuba taru, a cika jirgi. Shekara da shekaru sauran jirage suna bin bayansa kamar 'yan tsaki. Babu wanda ya taɓa tambayar dalilin da ya sa kullum ta gefen buhun yake sunkuyawa, ko me ya sa tari ke sarƙe shi daidai lokacin da wani abu ya ce "fit-fit" a ƙasan katako. Marigayin ya san komai, ya kuma rufa asirin maigidansa har ƙarshen numfashinsa.

Ciwon ya fara ne da kasala. A yi masa caji da safe, kafin rana ta take ya fara hamma. Daga nan kawunansa suka yi farin gari, haƙarƙarinsa ya kumbura, ya soma warin ruɓaɓɓen ƙwai. An shanya shi a rana, an kankare masa kai da wuƙa, an buga shi da dutse cikin girmamawa, duk a banza. Da aka kai shi wurin mai cajin batir, ya buɗe marfi ya leƙa, sai ya tsamo 'yar ciyawar ruwa da tsinke.

"Wane ne yake ba shi ruwan kogi?" in ji shi.

Mai Hanci ya yi rantsuwa sai ya ga bayan wanda ya yi wannan aika-aika. Bai rufe baki ba sai surukinsa, mahaifin matarsa, wanda ya rako shi, ya gyara murya.

"Ni ne, ɗan nan. Duk zuwan da na yi sai na ga ruwansa ya ja baya, na ɗebo na cika masa. Yana zaune a kan ruwa a bar shi da ƙishi? Ruwa ai ruwa ne."

Mai Hanci ya haɗiye rantsuwarsa, ya rusuna. "Allah ya saka da alheri, Baba."

Wannan godiya ita ce abu mafi ɗaci da ya taɓa fita daga bakinsa. Dattijon nan shi ya fi kowa tallar hancin. Da shi yake cika baki a majalisa, da shi yake gorin sauran surukansa, kuma ya sha faɗa cewa saboda shi ya ba da 'yarsa. A wurin ta'aziyya ma ya dafa kafaɗar mai makoki ya ce, "Share hawayenka. Batirin fitila ne fa kawai. Mai baiwa irin taka me zai yi da batir? Fita ta gaba ni da abokaina za mu shiga jirginka, su gani da idonsu."

Matar Mai Hanci, wadda ita ta ɗinka buhun, ta tashi ta shige ɗaki kafaɗunta suna rawa. Iyali sun ɗauka kuka ne.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a bakin ruwa, bayan rumfar masu gyaran taru. Ba za a haƙa rami ba. Za a tsiyaye ruwan cikinsa nesa da yara da awaki, a fasa shi, a narka darmar da ke ciki a yi wa sabon taru nauyi, domin marigayin ya sauka ya gana da kifayen da ya daɗe yana tona wa asiri. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su zo da wayoyinsu a cike, babu mai ba su caji. Ana kuma roƙon duk wanda zai karanta wa Baba wannan sanarwa ya tsallake tsakiyarta.

Daga wurin jana'iza jirgi zai tashi, da Baba da abokansa a ciki. Idan aka ga Mai Hanci ya sunkuya kan ruwa yana jan hanci, kada kowa ya zuba taru. Wannan karon kuka yake yi.

Sanarwa daga ƙanin Mai Hanci, a madadin iyali.