Iskar da Na Zana wa Kawu

Na daɗe da yarda cewa layi yana magana. Kwantacce yana kwantar da rai, karkatacce kuwa yana sa ido gudu. Da wannan ilimin na karɓi zanen allon tallan kawuna, mai jirgin fito a Yelwa.

Kawu ya ce, "Jirgi bisa ruwa kawai nika so."

Ni kuwa na ga jirgi a tsaye ba talla ba ne. Na karkata layukan ruwan, na murɗe na sama, don a ga sauri. Har na ja da baya ina gyaɗa kai.

Ranar kasuwa aka kafa allon. Wata tsohuwa mai kwandon kifi ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce wa Kawu, "Ɗana, cikin wanga ruwa za ku shiga da mu? Ina da jikoki." Ta nufi jirgin maƙwabci, mata suka bi ta. Ashe iskar da ke kifar da jirgi na zana.

Kawu bai yi faɗa ba, ya dai cire allon. Amma har yau, da hadari ya haɗo, sai matuƙa su ƙwala mini kira: "Malam, aje burushin nan, muna da fasinja!"