Ranar da Na Koya wa Baba Sule Kanikanci

Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, har da waɗanda ya kamata in riƙe, amma ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren abokina Nasiru a Rigachikun. Auren kansa bai bambanta da sauran ba, an ci goro da dabino an watse. Abin da na jawo wa kaina a hanya shi ne labarin.

Bari in fara da motar. Ni ma'aikacin gwamnati ne, aikina fayil da biro, ban taɓa yini a gareji ba. Amma shekarun baya na sayi wata tsohuwar motar tsere ƙirar Japan, ja, mai kujeru biyu kacal, wadda ta kusa zama sa'ata. Injinta ne ya ja ni. Ba shi da fistan irin na sauran motoci, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a ciki, shi ya sa ake ce masa rotari. Makanikai da yawa in sun ɗaga bonet sai su tsaya su sosa ƙeya, su ce in dawo jibi. Dole ta sa na fara taɓa ta da kaina, na canza filogi, na canza baƙin mai, daga nan kuma sai na fara jin ni ma wani ne.

Wata rana na gani a intanet cewa ana iya cire manifol ɗin tsohon injin, wato bututan da yake shaƙar iska ta cikinsu, a ɗora masa na ƙirar da ta biyo baya, mai faɗin maƙogwaro. Wai sai motar ta ƙara ƙarfi. (Ban tsaya na tambayi kaina inda zan kai ƙarfin ba, tunda daga gida sai ofis, kuma rabin hanyar cunkoso ne.) Na yi ta sintiri a Panteka har wani mai sayar da kayan gyara ya zaƙulo mini ɗaya daga wata da ta yi hatsari.

Mako uku na yi ina fama da shi a tsakar gida, kullum in na taso daga aiki. Ramin noti ɗaya ya ƙi dacewa, sai da aka ɗan faɗaɗa shi. Sabon yana da bakunan ƙananan tiyo fiye da tsohon, na toshe waɗanda ban gane amfaninsu ba. Soket ɗin wayoyin ma ba iri ɗaya ba ne, na yanke na haɗa yadda hoto ya nuna. Matata ta leƙo wata rana ta gan ni kwance-kwance da kaya, ta ce, "Abban Husna, in ce dai motar nan lafiyarta ƙalau kafin ka kwance ta?"

Na ce mata lafiya daban, ƙarfi daban. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta koma ciki.

Ranar Juma'a da yamma na ɗaure noti na ƙarshe. Na murɗa makulli, ta tashi. Na zaga unguwa da ita sau biyu a hankali, saboda yara da ramuka, ban taka totur sosai ba ko sau ɗaya. Na dawo gida ina jin kamar ni na ƙera ta.

Washegari da safe Nasiru ya kira ni. Ya ce yana neman wanda zai ɗauko baffansa, Baba Sule, daga Kinkinau, shi ne wakilin ango, in bai iso ba ba za a ɗaura ba, kuma ƙarfe sha ɗaya aka sa. Ya ce ko dai ya tura ƙaninsa da motar gida. Na ce haba, ina raye? Gaskiyar magana, mutum nake nema da zan nuna wa aikina, ko wane ne.

Baba Sule dattijo ne dogo siriri, ya haura saba'in, ya sha farar babbar riga da guga. Da ya ga motar sai ya tsaya ya dube ta na ɗan lokaci. Sai da ya cire hula kafin ya iya shiga, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa. Muka gaisa, na tambayi iyali, ya sa mini albarka. Kafin mu hau titin baifas na buɗe masa makaranta.

Na yi masa bayanin yadda inji yake shan iska da mai. Na gaya masa bambancin fistan da rotari, har ina sakin sitiyari ina zana kusurwa uku da yatsu. Na ce masa makanikan ƙasar nan ba su san komai ba sai duka da guduma. Shi dai sai ya ce, "To," can kuma ya ce, "Ikon Allah." Da muka kusa Mando ya karkata kunne ya ce, "Ɗana, ba ka ji kamar da ƙyar take numfashi ba?"

Na yi dariya. Na ce, "Baba, ai haka kukan rotari yake. Sai wanda ya saba da shi."

Ya ce, "To, madalla."

Muna wuce Kawo titi ya buɗe, ga wata tirela a gabanmu tana tafiyar hawainiya. Na ce, "Baba, riƙe hularka da kyau." Na fita gefe, na take totur har ƙasa. Motar ta yi wani irin tari, ta fizga sau biyu, ta yi ƙara kamar an harba bindiga, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu. Sai shiru. Da sauran gudun da ya rage na gangara gefen titi, daidai gaban wasu masu sayar da rake. Tirelar ta ci gaba da tafiyarta. Ƙarfe sha ɗaya saura kwata.

Na ɗaga bonet na yi abin da duk wanda bai san abin yi ba yake yi: na taɓa wannan waya, na girgiza waccan, na hura wani abu. Na yi ta murɗa makulli, tana gurnani ba ta tashi. Nasiru ya kira sau uku, na ce masa ga mu nan kusa. A kira na huɗu ya ce liman ya iso, dangin amarya sun fara duba agogo.

Sai na ji an buɗe ƙofa. Baba Sule ya fito, ya tuɓe babbar rigarsa, ya ninke ta tsaf ya ajiye a kan kujera, ya naɗe hannun 'yar ciki. Ya ce, "Daina murɗawa, za ka kashe batir. Kana da sukundireba?"

Na miƙa masa, don ban ga dalilin musu da dattijo ba. Ya kwance babban tiyon da ke shiga maƙogwaron injin, ya leƙa, ya ce in ba shi filaya. Ya zura, ya kamo wani abu, ya dinga jawowa a hankali. Abin ya yi ta fitowa. Safa ce. Baƙa mai ratsin shuɗi, irin wadda nake sawa ofis, da hujinta a dunduniya.

Sai a lokacin na tuna. Ranar da na fara aikin, hadari ya taso, na toshe ramuka da tsumma don kada ƙasa ta shiga, tsumma ya ƙare, na ciro safa daga igiyar shanya na cusa.

Baba ya nuna mini da bakin filaya. Ya ce maƙogwaron ƙofa uku gare shi, ƙaramar ita take aiki in ana tafiya a hankali, manyan biyu sai an taka sosai suke buɗewa. Da na taka, iska ta fizgo safar ta toshe hanya. Ya ce, "Ka gode wa Allah da ta maƙale. Da ta wuce ciki, sai dai ka sayar da injin ga 'yan gwangwan." Ya mayar da tiyo, ya zare wani fiyus, ya ce in murɗa don man da ya taru ya fita, ya mayar da fiyus ɗin, ya ce in sake. Ta tashi.

Na ce, "Baba, a ina ka san wannan?"

Ya ce ya fi shekara talatin a garejin gwamnati, shi ne shugaban makanikai lokacin da ya yi ritaya. Akwai wani injiniya Bature da yake da irin wannan motar, shi yake duba masa ita.

Na ce, "Amma Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Ai ba ka tambaya ba. Kuma ba ka yi shiru ba."

Mun isa sha biyu saura. Jama'a cike da rumfa a kan tabarmi, har da daraktanmu da rabin mutanen ofis, tunda ofishinmu ɗaya da Nasiru. Na so in sulale ta baya, amma motar ja ce, kuma ba ta iya shigowa a ɓoye. Baba Sule ya zauna kusa da liman, hannunsa duk baƙin mai. Mahaifin amarya ya ce, "Alhaji, lafiya dai ko? Har mun fara tunanin ko kun fasa."

Baba ya ce, "Lafiya lau. Motar yaron nan ce ta haɗiyi safa." Ya sa hannu a aljihu ya fito da ita (ban ma san ya adana ba), ya ce a miƙa wa mai ita. Sanƙira, wanda aikinsa ne ya maimaita duk abin da manya suka faɗa, ya ɗaga murya ya ce, "Ina mai jar mota? Ga safarsa an samu!" Aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu, sahu bayan sahu, kowa yana riƙe ta da yatsu biyu. Ta hannun darakta ta iso gare ni. Na karɓa da hannu biyu, kuma don tsabar ruɗewa na ce, "Na gode, ranka ya daɗe."

An ɗaura aure lafiya. Baba Sule ya koma gida a motar ƙanin Nasiru. Bayan mako guda na kai masa tawa har Kinkinau, na zauna a kan benci ina miƙo sifana, ya bi wayoyin da na haɗa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce biyu daga ciki daidai suke. A ofis kuwa har yau Injiniya suke kirana, ni ma ina amsawa, don na lura in ka nuna ka ji haushi suna ya fi kama ka.

Darasin da na ɗauka bai da yawa. Kafin ka buɗe baki ka koya wa dattijo wani abu, ka fara tambayarsa da wace sana'a ya ciyar da iyalinsa. In kuma dole sai ka yi abin kunya a gaban jama'a, to ka daure ka yi shi da safa marar huji.