Tamfol Ɗin Da Faci Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama da har yanzu yake a kumbure, ni direban kwale-kwalen da ke ƙetarar da kaya zuwa tsallaken kogi, a madadin ɗaukacin danginmu ban da mutum ɗaya, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar tamfol ɗina. Ya bar mu ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, a tsakiyar ruwa, a gaban idona. Ba tsufa ne ajalinsa ba. Kashe shi aka yi, kuma zan faɗi wanda ya kashe shi.

Marigayin kore ne shar a ƙuruciyarsa, kafin rana da laka su mayar da shi kalar da ba ta da suna. Na zare ne mai kauri, irin wanda in ya jiƙe sai ƙarti biyu sun yi nishi kafin su ɗaga shi. Ya rufe gishiri, ya rufe siminti, ya rufe katifun amare, bai taɓa barin ɗigo ɗaya ya wuce ta jikinsa ba. Awaki sun taka shi, fasinjoji sun goge hannun mai a gefensa suna tsammanin ban gani ba, ya haƙura. Ba mai surutu ba ne. In iska ta taso sai ya ce fat, fat, fat, a hankali, in ruwa ya sauko kuma ya koma rududu, kai kana ƙarƙashinsa a bushe kana jin tausayin mutanen waje.

Babban aikinsa a duniya shi ne fulawar uwar ɗakina, mai gidan burodin da ke tsallake. Da buhunanta nake ciyar da gidana, sauran kaya duk ƙari ne. Tun ranar da ta ba ni aikin ta gaya mini magana ɗaya: "Ni ba ruwana da tsufan jirginka ko tarin injinka. Ranar da fulawata ta jiƙe, ranar muka rabu." Ba ta maimaita ba, ni ma ban manta ba, musamman da yake Gajere, mai sabon jirgin nan da ke ɗaurewa kusa da nawa, kullum sai ya durƙusa ya gaishe ta har ƙasa yana kallon buhunan ta wutsiyar ido.

Ciwon ajali ya fara ne da ƙusa. Wani akwati ne aka ja a kansa, ya samu rauni da bai fi taƙi ɗaya ba. Na nuna wa badukun bakin kasuwa, ya ce zai sa ƙyalle ta ciki ya ɗinke da basilla, amma in dawo jibi, aiki ya yi masa yawa. Da na jira jibin nan, da yau ba a karanta wannan sanarwa.

A ranar ne mijin ƙanwata, mai facin taya a bakin titi, ya zo gaisuwa ya tarar da majinyacin shimfiɗe a tsakar gida. Ya zagaya shi yana kaɗa kai, ya ce, "Haba Yaya, ina raye za ka kai wa mai allura? Allura huda take yi, shi ruwa kuma huda yake nema. Facina ya riƙe tayar tirela, balle wannan tsumman." Tsumma ya kira shi, a gidana. Na buɗe baki ke nan ƙanwata, da suka zo tare, ta ce, "Yaya, ka ba shi mana, kada ya ga kamar ka raina sana'arsa." Kunya ta sa na ɗauki marigayin a kafaɗata na kai shi mahauta da ƙafata.

Abin da aka yi masa a shagon nan, ko maƙiyinka ba ka fata a yi wa. An shimfiɗa shi a ƙasa cikin baƙin mai. Mutumin nan ya ɗauko guntun zarto ya dinga kankare bakin raunin kamar yadda yake yi wa roba, har zaren ya yi fari ya fara tashi. Ya malala sholisho, ya yanko robar taya mai faɗin faranti ya liƙa. Sannan ya jawo ƙarfen da yake gasa faci da shi, ya zuba fetur ya kunna wuta, ya matse marigayin a ciki ya ɗaure tamau. Na ji tamfol ɗina ya ce tsss, siririyar murya da ban taɓa jin ya yi ba. Na ce ina jin ƙauri. Ya ce, "Kamawa yake yi, Yaya." Ya ƙara fetur, wai tunda yana da kauri sai ya daɗe a wuta. Da aka kwance, ga baƙin faci ya zauna daram, ga kuma wani zobe ja-ja ya kewaye shi kamar gindin tukunyar da ta ƙone. Ya hau kai da takalmi ya yi tsalle don in gani.

Ranar Talata na loda fulawa, na rufe, na ja igiya ta ko'ina. Mun kai tsakiyar kogi hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara dukanmu ta gefe. Marigayin ya ce fat, fat, yadda ya saba, na ce a raina mun ga wadda ta fi wannan. Sai na ji ƙyat. Robar nan tana miƙewa da iska, zaren da aka babbake a kewayenta kuma ba ya miƙewa, karyewa yake. Kafin in saki kan inji, facin ya ɓalle ɗungurungum da zobensa ya zo ya mare ni a fuska. Iska ta samu ƙofa ta shiga da kai. Maganar marigayin ta ƙarshe fyaaat ce, doguwa, daga tsakiya har baki, sannan ta sake kama shi ta wani gefen ta tsarge. Igiya ta tsinke ta zabga mini a wuya, zoben ƙarfen da ke bakinta ya fasa mini gira. Na faɗa kan buhuna na rungume su da ƙirji, jirgi yana juyawa da mu, ruwa yana dukan bayana kamar da tsakuwa. Bayan mutum ɗaya ba ya rufe lodi. Ina ji fulawa tana zama ƙullu a ƙarƙashin cikina.

Uwar ɗakina tana tsaye a gaɓa da lema lokacin da muka iso. Ta dubi jinin da ke fuskata, ta danna yatsa a buhu ɗaya, yatsan ya nutse. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na fi jin daɗi. Ta ce, "Sannu. Ka je a duba maka idon nan." Sannan ta ɗaga hannu ta yafito Gajere.

Ban je an duba ido ba. Na ɗauki facin na nufi bakin titi, na ajiye shi a gaban mai shi. Ya ɗauka, ya juya, ya ja gefe da gefe, sai na ga fuskarsa ta washe. Ya ce, "To Yaya, ka ga aikina? Ko gefe ɗaya bai ɗaga ba. Faci lafiyarsa ƙalau, tamfol ɗinka ne ba shi da ƙwari."

Iyalin mamaci ba sa ɓoye abin da ya biyo baya. Da facin na fara marinsa, ta gefen robar, sau biyu a kunci ɗaya. Ya rarumo ƙarfen cire taya ya kawo mini, na kauce ya fasa fitilar shagonsa. Na kama wuyan rigarsa na tsoma kansa cikin bahon baƙin ruwan da yake gwada yoyon taya, na riƙe har kumfa ta taso, na gaya masa na gano inda yake yoyo. Ya cije ni a hannu, na ba shi hannun gaba ɗaya, haƙorinsa na gaba ya zauna a ƙasa. Tayoyi suka gangara titi, baho ya kife, sai da mai walda da masu wankin mota suka taru kafin su ɓamɓare ni. An ce in yi nadama. Ina nadamar ranar da na kai tamfol shagon, wannan kaɗai.

Marigayin ya rasu ya bar kwale-kwale ɗaya da yanzu yake tsirara a bakin ruwa, da igiya guntu-guntu, da zobban ƙarfe da suka zama marayu, da gwangwanin kwasar ruwa wanda aiki zai yi wa yawa. Ya bar matata, wadda take shanya barkono a kansa da rani ba da izinina ba, kuma ita ta fi kowa kuka. Ya bar ƙanwata, da ta aiko cewa ba ta ƙara taka gidana sai haƙorin mijinta ya tsiro. Facin yana nan da rai da lafiya, amma ba ma lissafa shi cikin dangi.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da safe a bakin ruwa. Ba za a wanke shi ba, ya sha ruwa ya isa. Baduku ne zai riƙe wuƙa, a raba abin da ya rage: yanki ɗaya ga akurkin kaji, ɗaya ga itacen girki, mafi girma ga tsohuwar maƙwabciyarmu da ɗakinta ke zuba. Ba a gayyaci mai faci ba, in kuma ya zo, iyali ba su ɗauki alhakin sauran haƙoransa ba. Daga nan masu ƙarfi za su taimaka a jawo kwale-kwalen kan yashi a kife shi, don ba mai ba da kaya ga jirgi marar rufi da damina.

Ba za a yi zaman makoki a gida ba, mai makokin ba shi da halin zama. Masu ta'aziyya su same ni a jirgin Gajere, inda daga Juma'a zan fara dakon buhunan fulawar nan a ka, ina loda masa. Wanda ya zo ya yi gaisuwarsa a taƙaice, kuma don Allah kada ya kira ni direba a gabansa.